Inna Mai Gam da Furen Wurin Fasa Dutse

A ƙarshen dogon barandan sashen nazarin tsirrai, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka. A nan Inna Mai Gam ta yi shekara ashirin da bakwai. Duk wanda ya tura ƙofar, warin kafur ne zai fara yi masa sannu da zuwa, sannan ya ga kabad goma sha biyu jere a jikin bango, da dogon tebur, da ita kanta a can ƙarshensa, tabarau a kan karan hanci, tana manna busasshen tsiro a jikin farin kwali.

Aikinta ke nan. Ɗalibai su shiga daji su ciro tsiro, su kawo mata shi a yamutse cikin leda. Ita za ta shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ta danne da katako biyu, ta ɗaure tamau, ta riƙa canja jaridun kullum har ya bushe bai yi funfuna ba. Sai ta manna shi, ta rubuta 'yar takardar bayani a kusurwar ƙasa: sunan tsiron, ranar da aka ciro shi, wurin da aka same shi, da sunan wanda ya ciro. Gurbin sunan wadda ta manna kuwa babu shi, ba a ma taɓa tunanin yinsa ba. Daktoci nawa suka yi digiri a kan kwalayen nan, suka tsaya gaban taro suna gode wa iyayensu da matansu har da direban motar makaranta, amma matar da ta hana ƙwari cinye musu aikin ko layin ƙarshe ba ta samu ba. A takardun ofis har gobe mai shara ce, don da tsintsiya aka ɗauke ta, kuma babu wanda ya ga dalilin ɗaga biro ya gyara.

Ita dai ba ta taɓa kai kukanta ko'ina ba. Da goyo a baya ta fara aikin, yanzu goyon nan ma'aikaciyar jinya ce da nata 'ya'yan. Maigidanta, mai gyaran agogo a bakin kasuwa, yakan ce babu magidancin da ya kai shi kwanciyar hankali, don matarsa ta sha kafur ta ƙoshi, asu ba zai taɓa ci masa ita ba.

Wani tsohon Dakta ne, shugaban sashen a wancan lokaci, ya ga rubutunta a jikin takardar neman hutu, ya ce wannan hannun ya fi ƙarfin tsintsiya. Shi ya koya mata danna tsiro da manna shi. A shekararta ta biyu, farkon damina, tana yanke hanya ta tsohon wurin fasa dutse don ta isa aiki da wuri, sai ta ga gangaren ya yi shuɗi kamar an shanya zane. Wani ɗan tsiro ne mai dogayen ganye biyu da shuɗin fure, saiwarsa kamar ƙaramar albasa. Ta ciro ɗaya ta kai wa Dakta. Mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, ranar sai da ya miƙe tsaye. Ya ce bai san ana samunsa a wannan yanki ba, ya faɗi wani dogon suna da ba ta riƙe ba. Ita Shuɗiya ta sa masa, kuma har yau haka take kiransa.

To, sashen yana da ƙa'ida, kuma tana nan har yanzu: kwalin da babu saiwa rabin maki ne. Sai an tono tsiro gaba ɗayansa ake lissafa shi cikakke. Daga wannan shekara, duk damina sai a cika mota da ɗalibai, kowa da dagi a hannu, Inna a gaba tana nuna hanya tana jin kanta. Shekara goma sha shida ana haka. Zanen da aka shanya ya koma ɗankwali, ɗankwalin ya koma tsumma. Da tsohon Dakta ya yi ritaya, sai ta ce gwiwarta ta hana ta hawan dutse, kuma wai hanyar ma ta ɓace mata. Malaman da suka biyo baya ba masu son ƙaya a wando ba ne, suka ce to, suka koma kai ɗalibai bayan katangar makaranta. Shekara tara ke nan. Amma duk farkon damina tana zuwa ita kaɗai da sassafe, gwiwar lafiya lau, ta ƙirga furen. Bara goma sha ɗaya ta samu.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar Malama, 'yar siririya mai saurin tafiya, da wani tsari da ɗalibai suka ƙi jini tun ranar farko. Ta raba ajin rukuni-rukuni, mutum huɗu huɗu, ta ba kowane rukuni tambaya ɗaya a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba a aikin masanin tsirrai. Wasu ta ba su irin shuka da aka sauya wa halitta, wasu sare daji, wasu ilimin masu maganin gargajiya da ake kwashewa a buga a littafi. Sharaɗinta shi ne sai duk huɗun sun yarda da matsaya ɗaya sun sa hannu, kuma maki ɗaya ne na kowa. Wanda ya ƙi sa hannu ya riƙe sauran.

Rukuni na huɗu aka ba wa batun ciro tsirran da suka yi ƙaranci. Shugabarsu wata ce da ake kira Mai Gilashi, wadda ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba kuma ba ta da niyyar farawa. Akwai Lauya, yaron da ko an ce masa rana ta fito sai ya nemi hujja. Akwai wata yarinya da ake ce wa Shiru, sunan ya bi ta. Na huɗunsu kuwa Baƙo suke kiransa, don ba a ganinsa sai ranar sa hannu. Ɗakin Inna suka mayar wurin zamansu saboda dogon tebur da fanka, ita kuma ta ƙyale su bisa sharaɗin kada kowa ya ci gyaɗa kusa da kabad.

Rubutunsu na farko daga waya suka kwaso shi kakaf, labarin dazuzzukan wasu ƙasashe masu nisa. Malama ta dawo musu da shi da layi ɗaya a sama, wai su duba ƙarƙashin hancinsu. Mai Gilashi ta yini tana cika tana batsewa. Lauya ya ce shi ƙarƙashin hancinsa gashin baki ne kawai. Shiru kuwa ta nemi izinin Inna ta fara buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai ta tsaya.

Kwali ɗari da arba'in da uku ta fito da su, duk Shuɗiya, duk da saiwa. Waɗanda suka yi kyau aka ajiye ke nan, ban da waɗanda suka lalace aka zubar. Yarinyar ta jera su a kan tebur bisa shekara, teburin ya cika ta ci gaba a ƙasa, sannan ta kira sauran da hannu. Na shekarun farko saiwarsu ta kai ƙwan kaza, fure biyar shida a kara ɗaya. Ana tafiya saiwar tana ƙanƙancewa. Na shekarun ƙarshe ba su wuce gyaɗa ba, da fure ɗaya tal. An cinye manyan, an koma kan matsakaita, an gangaro kan waɗanda suka fara fure a shekarar.

Inna ta cire tabarau ta goge ta mayar. Kowane ɗaya daga cikinsu da hannunta ta manna shi, amma ɗaya-ɗaya suke zuwa mata, ta manna ta saka a kabad. Ba ta taɓa ganinsu a jere ba sai ranar.

Nan take Mai Gilashi ta ce sun sami aikinsu. Za su je wurin su ƙirga abin da ya rage, su ɗauki hoto, su cika takardar rahoto, wadda a cikinta akwai gurbin ainihin wurin da tsiro yake, mai maki goma. Ta roƙi Inna ta kai su. Inna ta kawo zancen gwiwa, Lauya ya ce jiya ya gan ta ta tsallake kwata da buhun jarida a ka. Sai ta ajiye kwalbar gam ta dube su.

«Ba zan kai ku ba. Waɗanda na kai a baya ma masu ilimi ne, da littafi a hammata suka je. Ga abin da suka bari a kan tebur.»

Lauya ya gyara zama, don irin ranar da yake so ke nan. Ya ce ɓoyewa ba kariya ba ce. Idan gobe aka ba wani wurin ya zuba shara ko ya yi gini, da wace takarda za a hana shi, tunda a rubuce babu wanda ya san akwai wani abu a can? Ya ce ilimin da ke cikin kan mutum ɗaya da mai shi ake binne shi, Allah ya ja da ran Inna. Ta ce masa amin, kuma bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Mai Gilashi ta ƙara da cewa binciken da wani ba zai iya komawa ya tabbatar ba, ba bincike ba ne, tatsuniya ce. Maganganunsu duk suna kan hanya, Inna ta san haka, shi ya sa ma ranta ya ƙara ɓaci.

Shiru ce ta ɗaga kwali ɗaya, ta sa yatsa a kusurwar ƙasa.

«Inna, ai ga wurin nan a rubuce. Tsohon wurin fasa dutse, gangaren arewa, ƙasan tsagaggen dutse. A jikin kowanne akwai.»

Da kyakkyawan rubutun nan nata, sau ɗari da arba'in da uku. Shekara tara tana ƙaryar gwiwa, alhali adireshin yana kwance a kabad ɗin da ko kwaɗo babu. Abin da ya tsare Shuɗiya duk tsawon lokacin nan ba dabararta ba ce, ƙiwar malamai ce, da ba sa buɗe kabad.

Lauya ya ce shi ke nan, gobe sai su tafi da kansu. Mai Gilashi ta fara kwafe adireshin a littafinta. Sai Shiru ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, in aka je ba da yardar Inna ba ita ba za ta sa hannu ba. Suka dube ta kamar kujera ce ta yi magana. Mako guda suka yi suna wannan rigima a kan teburin nan. Mai Gilashi ta yi lallashi, ta yi barazanar kai ƙara. Ta kai ɗin ma, Malama ta ce mata wannan rigimar ita ce darasin, ta koma ta ƙarasa shi. Lauya ya kawo hujja bakwai, Shiru ta saurare su duka, ta ce matar da ta gano wurin tana zaune a gabansu da ranta, kuma ta ce a'a, in sun tsallake ta to me suke rubutawa a kai? A kwana na biyar Lauya da kansa ya sauya sheƙa, ya ce dama yana gwada ƙarfin hujjarta ne.

Inna tana jinsu tana manne-mannenta, amma gam ɗin har a bayan kwali take shafa shi. Da ta koma gida da yamma ta zazzage wa maigidan labarin, tana zagin masu digiri da ƙa'idarsu ta saiwa. Yana zaune a bakin ƙofa da gilashin gyaran agogo maƙale a ido ɗaya, ya bari ta gama tas.

«Duk na ji. Amma shekara goma sha shidan nan, wa ke gaba yana nuna musu hanya?»

Ta ce masa ya ji da agogonsa. Ya ce yana ji da shi. Can ya ƙara da cewa yaran da suka riƙe adireshi a hannu mako guda ba su je ba, ba irin waɗancan ba ne, kuma ita ba za ta dawwama a ɗakin kafur ba, wata rana wani ne zai buɗe kabad ɗin ba ta nan. Ta shiga ciki ta yi ta buga tukwane.

Washegari ta kafa musu sharuɗɗa. Babu dagi, babu wuƙa, ko ganye ɗaya ba za a tsinka ba. Lauya ya ƙara nasa da ba ta sani ba, ya ce hoton waya yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi a ɓoye, sai an kashe wannan tukun, ya karɓi wayoyin ya kashe. An yi ruwa sau uku a makon, lokacin furen ya yi. Ranar Asabar da safe suka bi ta a ƙafa, har da Baƙo, wanda ya zo da farin takalmi.

Ta bi 'yar siririyar hanyar da ƙafarta ta fitar cikin shekara tara, ta tsaya ƙasan tsagaggen dutsen ta ƙirga. Tara. Ta sake ƙirgawa, tara ɗin dai. Ta ce to sun gani, su rubuta su tashi.

Amma yaran ba haka aka koya musu ƙirga ba. Suka fito da zare da 'yan tsinke, suka yanka gangaren murabba'i-murabba'i, kowa ya durƙusa a nasa yana bin ƙasa da ido. Ba a jima ba Mai Gilashi ta kira Shiru ta zo ta ga wani abu, su biyun suka buɗe littafi suna gwadawa. Wani ɗan ganye ne guda ɗaya, siriri kamar ciyawa, bai kai tsawon yatsa ba. Shiru ta yi wa Inna bayani cewa a abin da ta karanta, irin wannan tsiro yakan yi shekara biyar ko shida a ƙasa da ganye ɗaya kafin ya fara fure. Waɗannan 'ya'yan Shuɗiya ne. Suka ƙirga ashirin da shida.

Inna ba ta san su ba. Ina za ta san su? Shekara da shekaru cikakken tsiro kawai ake kawo mata, da furensa da saiwarsa, shi ta sani. Ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai ta ga Lauya, sarkin surutu, ya ƙura wa ƙasa ido. Ta bi idonsa. Ƙananan sun fi yawa a gefen hanyarta dama da hagu, a kan hanyar kuwa babu ko ɗaya, sai guda biyu a kwance da sawun takalminta na safiyar nan a kansu.

«Ashe ni ma ina cikin masu kashe ta,» in ji ta.

Babu wanda ya ce mata a'a. Baƙo ne ya miƙa mata hannu, ta taka ta hau kan dutsen, daga nan ta ƙarasa kallonsu.

Saura gurbin nan mai maki goma. Suka koma teburin suka sake sabon zama. A ƙarshe suka tsaya a kan cewa a cikin rahoton, wanda kowa zai iya ɗauka a ɗakin karatu, za su rubuta cewa sun ɓoye wurin da gangan, su faɗi dalili. Ainihin wurin da ƙirgar da taswirar za su sa a ambulan su liƙe su ba Malama, don in ranar hana wani gini ta zo a sami takarda. Kwalayen ɗari da arba'in da uku kuma a mayar da su kabad mai makulli. Suka kuma nemi a cire ƙa'idar saiwa ga duk tsiron da ya yi ƙaranci, hoto ya wadatar. Mai Gilashi ta daɗe da biro a hannu kafin ta sa hannu, don ta san abin da za ta rasa. A shafin farko Shiru ta rubuta wadda ta gano wurin da shekarar da ta gano shi, da cikakken sunanta, wanda sai da suka tambaye ta, don duk cikinsu babu wanda ya sani.

Malama ta so ta ba su makin duka. Amma takardun sai sun bi ta ofishin Farfesa, shugaban sashen na yanzu, mutumin da rabonsa da taka ciyawa tun yana saurayi. Ya ce gurbi gurbi ne, ba a cika ba, a cire goma. Darasin da aka ce na sanin ya kamata ne, yara sun yi abin da ya kamata, an hukunta su a kansa, kuma babu wanda ya ji kunya. Mai Gilashi ta zo ta uku a aji, karon farko a rayuwarta. Ta shigo ɗakin Inna ta yi kukanta a bayan kabad, ta wanke fuska, ta tambaya ko an sayo kwaɗon.

An sayo. Makullin yana ɗaure a bakin zanen Inna. Takardar neman cire ƙa'idar saiwa kuwa tana kan teburin Farfesa, ƙarƙashin wasu takardun, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Da damina ta zagayo, yaran sun wuce aji na gaba, babu makin da ya rage musu a wurin. Duk da haka Shiru da Lauya suka zo da zarensu. Inna ta zaga da su ta kan dutse, tsohuwar hanyarta ta fara rufewa da ciyawa. Manya tara suna nan. Cikin ƙanana ashirin da shida, huɗu sun tafi, sababbi bakwai sun fito. Lauya ya ce a lissafinsa sai nan da shekara huɗu za a ga furen farko daga cikinsu, lokacin Inna ta yi ritaya.

«Ritaya daga aiki zan yi, ɗan nan, ba daga tafiya ba,» ta ce masa. «Ɗaga ƙafarka, kana dab da taka ɗaya.»